Sifikoki biyu na gwada a ɗakina, ga abin da kunnena ya ji

Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya, ina zaune a Mabera cikin birnin Sakkwato. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan sifika. Na san wasu za su ce abin bai kai a kawo shi jarida ba, to ni dai kuɗina sun taɓa ƙonewa a kansa, kuma ina kallon maƙwabta suna bin sahuna ɗaya bayan ɗaya.

Bara waccan, gab da Babbar Sallah, rediyona mai kaset ta gaji, ta koma cin zare. Jikana ya juye mini tsofaffin waƙoƙina cikin waya, na shiga kasuwa neman abin da zai fito da su da kyau. Yaron shago ya jawo wani ƙaton akwati mai fitilu ja da kore suna ta walƙiya kamar motar amarya. A jikin kwalinsa an rubuta wat 5,000. Ya ce, "Baba, wanga in ka kunna shi, har mutanen Wamakko sai sun jiya." Da na ɗaga akwatin na ji shi sakayau kamar ƙwarya, amma mun riga mun yi nisa da ciniki, kunya ta hana ni ajiyewa. A gida na sa masa Narambaɗa, sai kotso ya koma bum-bum kamar ana dukan durom ɗin da ba ruwa, muryar maigida kuma ta nutse can ƙarƙashi. Wata huɗu ya yi, ya mutu. Mai gyara ya buɗe bayansa, ya nuna mini injin da ke ciki, bai kai tafin hannuna ba. Ya ce, "Malam, dutsen guga na lantarki wat 1,000 ne ko fiye. Kana ganin wannan ɗan abin zai ja wutar dutse biyar?" Shi ya koya mini cewa lambar da ake rubuta PMPO a gefenta ado ce kawai ta 'yan talla. Wadda ake dubawa ita ce mai RMS, don ita ke faɗin ƙarfin da sifika ke iya riƙewa tana aiki ba hutawa.

Bana sai Allah ya haɗa mini saiti biyu a ɗaki ɗaya. Ɗana da ke aiki a Kaduna ya kawo mini Edifier R1280T, jikan nan nawa kuma da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya bar mini tasa, Creative Pebble, da zai tafi hutu. Wai in riƙe masa amana, kada in tsufar da ita da waƙoƙin zamanin Sardauna. Na ce masa ai ko ita sifikar sai ta gode mini. Mako uku na yi ina sauya su.

Edifier ɗin kamfanin China ne. Akwatuna biyu ne na katako masu nauyi, kowane da babbar sifika mai faɗin inci 4 da wata 'yar ƙarama a kusa da ita mai fitar da siririn sauti. Ƙarfinsu duka wat 42 ne na RMS, wato 21 kowane ɓangare. Injin yana cikin akwati ɗaya, sai waya ta kai wa ɗayan. A gefe akwai makunnai uku, na ƙara da na kauri da na siranta, ga ɗan rimot. Wutar gida take sha. Ita kuwa Pebble ta kamfanin Creative ce na Singafo, 'yan dunƙule biyu na roba kamar manyan lemun taba, sifikarsu inci 2, fuskarsu a ɗage tana kallon mai zaune a gabansu. Ƙarfinta wat 4.4 kacal, kuma da wayar USB take cin wuta, irin bolt 5 ɗin nan na cajar waya. Da kuɗin babbar guda za ka sayi ƙaramar kamar huɗu. Duka biyun ba su da Bluetooth, da waya ake jona su, sai dai kowace tana da 'yar'uwa mai shi, R1280DB da Pebble V3, in mutum zai ƙara kuɗi.

Da na ga 42 da 4.4 na ɗauka babbar za ta ninka ƙaramar sau goma wajen ƙara. Ashe kunne ba haka yake lissafi ba. Sai an ninka wat kusan sau goma kafin mutum ya ji kamar ƙarar ta ninka sau biyu. Haka kuwa na ji a ɗakina. Tazarar da ta fi girma tana wajen cikar sauti.

Na fara da kiɗan kotso, na Narambaɗa da na Ɗanƙwairo, don su kunnena ya fi sani tun ina yaro. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan fada ya san kotso yana da murya biyu: akwai ɗan tas ɗin da yatsu ke yi a kan fata, akwai kuma gurnanin da ke biyo baya idan makaɗi ya matse tsarkiya ya sake ta. A kan Edifier duka biyun sun fito. Na rufe ido, na ji maigida ya ja baiti, 'yan amshi sun karɓa, kuma ina iya rarrabe mai siririyar murya a cikinsu da mai kauri. Akwai wani wuri da wani ke yin gyaran murya kafin amshi, shekara da shekaru ina jin wannan faifan ban taɓa lura da shi ba sai ranar. A kan Pebble muryar ta fito tas, ba ƙura, kowace kalma ana jin ta, har na yi mamaki. Amma gurnanin nan ya tafi. Kotso ya rame, ya zama kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Kalangun Shata ma haka, maganarsa tana nan, ƙirjinsa babu. Takardunsu ma ba su ɓoye ba: babbar tana sauka zuwa 75 Hz, ƙaramar ta tsaya a 100, kuma ƙaramar lamba ita ce sauti mai kauri.

Wajen karatun Alƙur'ani da tafsiri da labaran Rediyo Rima, in ina zaune a gaban tebur, da ƙyar zan ce ga wadda ta fi. Nan murya kaɗai ake nema, ƙaramar kuma ta iya murya.

Wani abin da ban zata ba shi ne ɗakin kansa. Falona tayil ne a ƙasa, bango siminti, ba komai a jiki sai kalanda. Ranar farko babbar ta riƙa amsa-kuwwa har na fara zargin ɗana ya sayo jabu. Uwargida ce ta ce, "Malam, ai ɗakin ne fayau kamar masallacin da ba a shimfiɗa ba." Muka shimfiɗa darduma, muka sauke labule, na ɗauke akwatunan daga ƙasa na ɗora su bisa kanta daidai kunnena in ina zaune, na raba su kamar taku uku, na mayar da makunnin kauri tsakiya maimakon ƙarshe inda yara suka murɗe shi. Sai ka ce wata sifika aka sauya mini, ban kashe ko sisi ba.

To, in da a nan zancen ya tsaya, da na ce kowa ya tara kuɗi ya sayi babbar, in sa hannu in rufe wasiƙa. Amma Sakkwato muke. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, fanka ba ta hutawa muddin akwai wuta. Fankar silin in tana gudu a lamba ta ƙarshe, ta cinye Pebble ɗungurungum, in ka matsa taku huɗu sai ka ga kamar bakinta kawai ke motsi. Babbar ko a jikinta. Sai kuma a ɗauke wuta, abin da ba sai na yi wa mai karatu bayani ba. Fanka ta tsaya, Edifier ta yi shiru da katakonta da rimot ɗinta, ta zama kayan ado. Nan ne 'yar ƙaramar ke cin kasuwarta. In fitar da tabarma tsakar gida bayan Isha'i, in jona ta da fawa-bank, in ajiye ta kusa da matashi. Garin tsit, ba fanka, ba firij, sai kukan janareton wani can nesa. Dare uku na yi a haka ban sake cajin fawa-bank ɗin ba. Da na zauna na ƙirga, cikin mako ukun nan awannin da na yi da ƙaramar sun fi na babbar nesa ba kusa ba, alhali kunnena ya fi son babbar.

Mai sola da inbata wannan ba damuwarsa ba ce, wat 42 ba wani nauyi ba ne a kansu. Wanda kuwa ya dogara da wutar layi kaɗai, ya yi wa babbar tanadin sitabilaiza, ya kuma riƙa zare ta daga soket in an ɗauke, don yadda wuta ke dawowa da ƙarfi wani lokaci ba ta barin na'ura da rai.

Ƙananan abubuwa biyu kuma. Babbar tana da rigar yadi a fuska da ake cirewa a kakkaɓe, abin da zai yi rana in hunturu ya zo da ƙurarsa. Ƙaramar fuskarta a buɗe take, kuma 'yar jikata mai shekara uku ta riga ta gano cewa tsakiyarta na da daɗin dannawa. Sannan in ka jona Pebble da cajar banza ta bakin titi, za ka ji wani zuu a ƙarƙashin waƙa. Da na sauya caja mai kyau ya ɓace.

Roƙona gare ka, Edita, shafinku na kimiyya da fasaha ya riƙa taɓo irin waɗannan kaya na cikin gida, ba wayoyi kaɗai ba, ku bayyana wa mutane PMPO da RMS da Hausa. Masu shago kuma su bar mai saye ya jona wayarsa ya ji waƙar da ya sani. Waƙar da suke kunna mana a shago zaɓaɓɓiya ce, mai dukan ƙirji, kuma cikin hayaniyar kasuwa kowane akwati gwani ne.

Jikana ya dawo ranar Asabar ya karɓi kayarsa. Ya juya ta gaba da baya yana neman inda na tsufar da ita, ya ga ɗan lotsawar da ƙanwarsa ta yi, ya ce a kaina zai ɗora. Na ba shi kuɗi ya sayo mini irinta, uwargida kuma ta ce tun da haka ne a sayo biyu, don ita ma tana son jin tafsiri a madafa.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Mabera, Sakkwato.