Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Sarkin Zangon Aflao Kan Cin Gaɓar Teku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu 'ya'yanka mazauna Zango da na unguwannin bakin ruwa a mazaɓar Ketu ta Kudu a ƙasar Ghana muna kawo kukanmu gabanka, domin kai ne bakinmu a fadar Togbui Fiti, sarkin ƙasar Aflao, kai ne kuma ake saurara a majalisar gunduma.

Maganar teku ce. Ba sai mun tuna wa Sarki abin da ya faru a Nuwamban 2021 ba, lokacin da igiyar ruwa ta afka wa garuruwan Keta da Anloga da na wannan mazaɓa cikin dare, dubban mutane suka wayi gari ba matsuguni. A farkon 2025 ta sake dawowa Agavedzi da Salakope da Amutinu, ta rushe ɗakuna, ta kai har maƙabarta, ta kuma matso dab da titin da ya tashi daga Denu zuwa Keta. Wanda ya bi titin nan ya san yadda ƙasar take: teku a hannu ɗaya, tafkin Keta a ɗaya hannun, mutane a ɗan zirin da ke tsakani. Ba su da bayan da za su ja.

Mun yi murna da Shugaba John Mahama ya zo a watan Yulin 2025 ya ƙaddamar da kashi na biyu na aikin shingen duwatsu na Blekusu. Allah ya sa a gama lafiya. Sai dai tsofaffin masunta sun daɗe suna faɗin wani abu da masana ma suka tabbatar: a gaɓar nan ruwa daga yamma yake kwaso yashi ya kai gabas. Tun da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, yashin da kogin Volta ke zubowa ya ragu ƙwarai. Duk inda aka jera duwatsu, ɗan yashin da ya rage sai ya tsaya a nan, garin da ke gabas da shingen kuma teku ta koma kansa. An kare Keta a farkon shekarun 2000, ciwon ya koma Blekusu. An kare Blekusu, ya koma Agavedzi. To, ranka ya daɗe, in an gama wannan kashin, su wa ke gabas? Denu ce, sai mu, sai iyakar Lome. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka roƙonmu na farko shi ne Sarki ya nemi a bayyana wa jama'a, a taro ba a takarda kaɗai ba, inda shingen zai tsaya da tanadin da aka yi wa garuruwan da ke gabas da shi. A yi bayanin da Ewe da Hausa, don iyayenmu mata su ji da kunnensu.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ci mana rai. Yawancinmu da ke zaune a bakin ruwa 'yan haya ne. Kakanninmu fatauci ya kawo su, ba su gaji filin noma a nan ba. Duk sanda ruwa ya yi ɓarna aka zo rubuta sunaye don rabon katifa da shinkafa da kwanon rufi, mai gida ake tambaya. Ɗan haya da ya rasa gado da tukunya da jarinsa sai ya tsaya yana kallo. Matan da ke saren busasshen kifi a Adina su kai kasuwa, in murhun ƙyafe kifi ya tafi da ruwa su ma cinikinsu ya tafi, amma ba a lissafa su cikin waɗanda abin ya shafa. Wani kuma da zarar ya faɗi sunansa aka ji na Musulmi ne, sai a fara tambayarsa ko daga Togo ya tsallako, alhali a nan aka yanke cibiyarsa, a nan yake jefa ƙuri'a. Ranar zaɓe dai ba wanda ke yi mana wannan tambaya. Muna roƙon a riƙa rubuta duk wanda ke kwana a gidan da ruwa ya ci, kuma duk kwamitin da za a kafa na rabon agaji ko na sake tsugunar da jama'a, a sa mutum biyu daga Zango, mace da namiji, waɗanda Sarki ya yarda da amanarsu.

Sai batun maƙabarta. Mun ga halin da maƙwabtanmu suka shiga suna tone iyayensu daga bakin ruwa, kuma mun taya su baƙin ciki. Muna so tun yanzu Sarki ya nema mana fili a tudu, da takardarsa, kafin buƙata ta zo da gaggawa.

Akwai kuma abin da yake hannunmu. Masu kwasar yashi a bakin teku da dare suna taya ruwa aiki, kuma ba za mu rantse cewa babu yaranmu cikin masu lodin ba. Muna roƙon Sarki ya umarci limamai su yi magana a kai ranar Juma'a, a kuma sanar cewa wanda aka kama kada a zo fada neman a yi masa roƙo.

Rijiyoyinmu na kusa da gaɓa sun fara gishiri, kwatocin unguwa kuma ko yayyafi aka yi sai su cika. Dokar Asusun Raya Zanguna ta 2017 don irin waɗannan ayyuka aka yi ta. A taimaka a tura takardarmu can, mu za mu kawo jerin layukan da suka fi buƙata.

Muna fatan Sarki zai sa mana rana kafin damina mai zuwa, mu zo da dattawanmu mu yi bayani baki da baki. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya.

Mu ne naka masu biyayya,
Limamai da dattawa, 'yan kasuwa, mata masu sana'ar kifi, da matasan Zangon Aflao.