Zuwa ga abokan cinikinmu: mun rage abincin da muke sayarwa

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kantarmu yana jiran a naɗe masa boga.

Daga ranar Litinin mai zuwa in sha Allahu za ku ga allon da ke saman kanta ya canza. Mun sauke shawarma, mun sauke fiza, jalof da soyayyar kaza su ma mun daina. Abin da ya rage boga ce kala uku, mai nama ɗaya, mai nama ɗaya da cuku, da babbar mai nama biyu cuku biyu, sai soyayyen dankali, sai zobo da kunun aya. Mun san wasu ba za su ji daɗi ba shi ya sa muka ga gara ku ji daga bakinmu kafin ku zo ku tarar.

Watan jiya aka ɗauke wuta cikin dare, janareta ma ya tsaya ba wanda ya sani, da safe na buɗe firiza na tarar kaji da naman shawarma suna iyo cikin ruwa, ledojin duk sun saki. Mun zubar da su gaba ɗaya. Wallahi ba asarar kuɗin ce ta hana ni barci ba, abin da ya tsaya mini a rai shi ne sau nawa naman nan ya narke ya sake daskarewa ba mu sani ba muka gasa muka miƙa muku. Ana cikin haka wata Hajiya da take kawo jikokinta duk Asabar ta kira ni gefe, ba ta ɗaga murya ba, ta ce ɗana naman nan ba irin na da ba ne, ku duba. Ta biya kuɗinta cif ta tafi. Har yau maganar tana kunnena.

Ƙanina da yake karatu a Kalifoniya shi ya daɗe yana ba ni labarin wani gidan boga da ake kira In-N-Out, ni kuma ina jin sa kawai, sai yanzu na gane abin da yake nuna mini. Wani mutum Harry Snyder da matarsa Esther suka buɗe shi a 1948 a garin Baldwin Park, kuma har gobe yana hannun iyalinsu, jikarsu Lynsi Snyder ce take riƙe da shi. Sama da shekara 70 ke nan amma allonsu bai wuce boga uku ba, da dankali da abin sha. Namansu ba ya shiga firiza, dankalin a shagon ake yanka shi kana tsaye kana kallo, kuma ba sa buɗe reshe a inda motarsu ba za ta iya kai ɗanyen nama yana sabo ba, shi ya sa ba ka samun su a New York duk girmanta, yawanci suna yammacin Amurka ne sai irin su Texas. Ƙanin nawa ya ce layin motoci a ƙofarsu har titi yake fitowa. Shi dai ba ya cin naman tunda ba yankan Musulunci ba ne, burodi da cuku da ganye yake sa a gasa masa, amma ko hakan ya ce ba ya gajiya da zuwa.

Mu ba su ba ne, shagonmu ɗaya ne tal kuma kujerunmu ba su da yawa. Abin da muka ɗauka a wajensu guda ɗaya ne, ka yi abu kaɗan ka yi shi da kyau. Kullum bayan sallar asuba za mu je kwata mu zaɓo naman sa da kanmu, da ɗan kitsensa don kada ya bushe a kan wuta, mu niƙa a shago, wanda za a sayar ranar kawai. Dankalin Jos ne, nan za a fere a yanka. Burodi da safe za a kawo, latas da tumatir da albasa ma haka.

To amma fa akwai abin da za ku yi haƙuri da shi. In nama ya ƙare mun rufe ke nan ko da ƙarfe takwas na dare ne, ba za mu ciro na jiya ba. Za ku kuma ɗan jira fiye da da, don sai ka yi oda za a ɗora namanka. Wanda yake sauri ya kira mu tun yana hanya.

Masu cewa a barbaɗa musu yajin tsire a kan nama, wannan yana nan ko da ba ku gan shi a allo ba, ku dai faɗa wa yaron kanta. Wanda ba ya son burodi saboda ciwon suga a naɗe masa da latas, wannan ma daga In-N-Out muka gano. Farashin boga ba mu taɓa shi ba a wannan watan duk da yadda gas da mai suke.

Wasu sun fara tambayar yaronmu mai shawarma, yana nan ba inda za shi, shi zai riƙe ɓangaren dankali. Ranar Juma'a sai an sauko daga masallaci za mu buɗe kamar yadda kuka saba. Hajiya in wannan wasiƙa ta iso gare ki, don Allah ki dawo da yaran ranar Asabar ki ɗanɗana ki faɗa mana gaskiya kamar wancan karon.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Ni ne mai shago, a madadin dukkan ma'aikatanmu.