Hitar tsohuwar bas in ta daina zafi, a fara da taɓa tiyo kafin a kwance dashbod

Assalamu alaikum Malam Edita. Dan Allah a ɗan bani fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan uwana direbobi da masu tsofaffin motocin fasinja, akan wani abu da muke rainawa wato hita. Da yawanmu in hita ta daina bada zafi sai muce ai ba komai tunda mota na tafiya, alhali sau tari injin ne yake faɗa maka akwai matsala a hanyar ruwansa.

Ni bas ɗina tsohuwa ce, mai hita biyu gaba da baya. Lokacin sanyin da ya wuce in na tashi da asuba sai in yi tafiyar kusan awa ɗaya iskar da ke fitowa ɗumi-ɗumi kawai, gilashin gaba ya yi hazo yaron mota na ta gogewa da tsumma ina leƙen hanya ta ɗan wurin da ya share, wata rana na duba madubi naga wata baiwar Allah a kujerar baya ta cusa jaririnta cikin mayafi tana hura masa hannu, wallahi abin ya tsaya min a rai. Bakaniken farko da na je ko bonet bai buɗe ba yace ƙaramin lagireton hita ne ya mutu sai an sauke dashbod gaba ɗaya. Allah ya taimake ni ban yarda ba na kai wa wani dattijo, kuma abinda ya koya min shi nake so in isar.

Ita hitar mota ba wuta take amfani da ita ba kamar ta ɗaki. Ruwan da ke sanyaya inji ne, bayan ya ɗau zafi, yake bi ta tiyo ya shiga wani ɗan ƙaramin lagireto a bayan dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa, ruwan ya koma ta tiyo na biyu. Shikenan. Toh kaga in ruwan bai yi zafi ba, ko bai isa wurin ba, ko iskar bata bi ta cikinsa ba, dole kaji sanyi.

Dattijon nan abinda ya fara kallo allurar zafi ce. Yace in tuƙa mu zaga, muka yi minti ashirin allura na kwance can ƙasa, in mun gangara ma sai ta ƙara sauka. Da inji ya huce ya kwance gidan tamostat, wayam, babu komai a ciki, ashe wanda ya riƙe motar kafin ni ya cire ta. Wannan ɗabi'ar ta cire tamostat wai don kada inji ya yi zafi ita ce ta fi ɓata min rai. Aikin tamostat ta tsare ruwa kada ya tafi babban lagireto har sai inji ya kai zafinsa, yawanci tana buɗewa ne tsakanin digiri 82 zuwa 90 gwargwadon mota, kuma lambar na rubuce a jikinta. In babu ita ko ta maƙale a buɗe inji zai riƙa aiki da sanyi, ya sha mai fiye da ƙima, baƙin mai ya lalace da wuri, hita kuma ba zata yi zafi sosai ba. In mota na zafi a nemo dalili, lagireto ne ya toshe ko fanka ce, cire tamostat ɓoye ciwo ne kawai.

Mun sa sabuwa gaba ta gyaru amma baya har yanzu sama-sama. Nan ya nuna min dabarar tiyo. Inji na aiki ya yi zafi, hita a ƙure, ka taɓa tiyo biyun da ke shiga hitar a hankali, ka kiyaye fanka da bel. In duka biyun da zafi sosai amma iska sanyi, ruwa na zagawa lafiya, matsalar ƙofar da ke karkata iska ce a ciki ko wayar da ke jan ta. In ɗaya zafi ɗaya sanyi, ƙaramin lagireton ya toshe ko bawul ɗin hita bai buɗe ba, a motocin da ke da shi. In kuma sai ka taka totur zafi ke zuwa, a silo ya ɗauke, to ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga hanya, wani lokacin kuma famfon ruwa ne haƙoransa suka cinye. Tawa ta baya ɗaya zafi ɗaya sanyi ce. Ya cire tiyon ya tura ruwa ta baya-baya ba da ƙarfi ba, abinda ya fito jajawur kamar laka, tsatsa ce ta shekaru saboda zallar ruwa ake ta zubawa babu kulant, wato maganin da ake haɗawa da ruwan lagireto don hana tsatsa. Daga nan muka cika da kulant rabi ruwa rabi, aka ɗaga gaban motar aka bar ta tana aiki har kumfar iska ta gama fita, don bututun hitar baya dogaye ne suna bi ta ƙarƙashin mota, iska na son laɓewa a ciki.

Dan Allah kada kowa ya buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan a matse yake zai iya watsowa ya ƙona fuska. Kuma kulant guba ne, ga shi da zaƙi, a kawar da shi daga yara da dabbobi. Wanda yaji wani wari mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, ko ƙasan kujerar gaba na jiƙewa, gilashi na maiƙo, wannan kam lagireton hita ne ke yoyo sai an sauke shi. In ruwa na raguwa kullum babu inda yake ɗiga, ga farin hayaki a salansa, a duba gasket ɗin kan inji da wuri.

Ina roƙon bakanikai su riƙa yin wannan gwajin a gaban mai mota kafin su kama sukurun dashbod, minti biyar ne. Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku, wani direban bas.