Bishiyoyin da suka koma dutse a cikin kwal

Salam abokina, ya gida ya aiki, ya su madam da yara? Fatan kowa lafiya.

Tambayar da ka min kwanaki wai da gaske ne kwal asalinsa tsirrai ne, eh gaskiya ne, kuma abun ya wuce haka ma, don har yau masu haƙar kwal suna cin karo da kututturen bishiyoyi a tsaye ƙyam sun koma dutse. Masana sun ce bishiyoyin sun rayu ne shekaru wajen miliyan 300 da suka wuce, a cikin fadamu masu faɗin gaske, in sun faɗi ruwa ya rufe su ba su gama ruɓewa ba, laka ta danne, zafi da nauyin ƙasa suka yi ta aiki a kai har abun ya zama kwal.

Wadda tafi burge ni cikin bishiyoyin nan ita ce Lepidodendron. Tana kai mita 30 ko fiye, ba fure ba 'ya'ya, wani garin iri take saki iska ta kwashe, kuma yawancin jikinta ɓawo ne, katakon ɗan kaɗan ne. Ɓawon nan duk zane ne kamar ɓamɓarokin kifi, ashe gurbin ganyen da suka zube ne. Yanzu babu ita kwata-kwata, 'yan uwanta da suka rage wasu 'yan tsirrai ne da ko gwiwarka ba za su kai ba.

To ga inda labarin yafi daɗi. In bishiyar ta mutu cikinta ne ke fara ruɓewa ya bar rami, sai yashi da laka su cika shi, shi yasa siffarta ta tsaya. A Joggins da ke Kanada, cikin irin wannan kututturen ne masana duwatsu Charles Lyell da William Dawson suka samu ƙasusuwan ƙananan dabbobi a 1852, daga baya Dawson ya gano Hylonomus, wani mai kama da ƙadangare da ake sawa cikin mafi daɗewar dabbobi masu rarrafe. Su kuwa masu haƙar kwal ba sa son kututturen nan sam, don kututturen kan sulluɓo daga rufin rami ba sallama, ya kashe mutum.

A birnin Glasgow da ke Scotland akwai irin kututturen nan guda 11 da aka tono a 1887 a Victoria Park, an gina musu ɗaki suna nan inda suka tsiro. Ka nemi hotunansu a intanet ka faɗa min ko kai ma kaga abun da na gani.

A gaida kowa da kowa, sai naji daga gare ka.

Naka,
Abokinka