Kada a mayar da ƙuri'ar kansila 'yar bora

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ɗan fili a shafinku na wasiƙu domin in taɓo wani abu da ake tsallakewa duk lokacin da ake shirin zaɓen ƙananan hukumomi, wato nauyin da ke wuyan malaman zaɓe idan aka haɗa zaɓe biyu a rumfa ɗaya, rana ɗaya.

Bakinmu ya saba da cewa "zaɓen ƙananan hukumomi" kamar abu guda ne, alhali biyu ne: na shugaban ƙaramar hukuma da na kansila. A Abuja, inda INEC ce da kanta ke gudanar da shi, akwai ƙananan hukumomi 6 da mazaɓu 62, kujeru 68 ke nan. A Kano kuwa shugabanni 44 ne da kansiloli 484. Kowace kujera a cikin waɗannan zaɓe ce mai zaman kanta a idon doka. Tana da 'yan takararta, da takardar ƙuri'arta, da takardar sakamakonta, da baturen zaɓen da zai bayyana wanda ya ci, kuma wanda ya faɗi yana da damar zuwa kotun sauraron ƙararrakin zaɓe a kanta ita kaɗai. Don sauƙin kuɗi da ɗawainiya aka haɗa su rana ɗaya. Wannan bai rage wa kujerar kansila darajarta ba, amma a aikace ita ce ke shan wulaƙanci.

Duk wanda ya taɓa wuni a rumfa ya san yadda teburin yake. A tsarin INEC shugaban rumfa galibi ɗan bautar ƙasa ne, da mataimaka uku: mai riƙe da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, mai duba rajista da shafa tawada a farce, da mai kula da layi. Shugaban rumfa shi ne zai buga hatimi a bayan kowace takardar ƙuri'a, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata. Idan zaɓe biyu ne, aikin hannunsa ya ninku, mutum ɗari biyar takarda dubu ce. Da hantsi yana yi da natsuwa. Da rana ta take, layi ya fara guna-guni, sai ka ga yana saurin yago takardu, wata ta samu hatimi wata ta wuce fayau. Takardar da ba ta da hatimi kuwa tana iya zama lalatacciya wajen ƙirga, mai ita yana gida yana zaton ya yi zaɓe.

Ga kuma maganar akwati. Tsohuwa ce za a miƙa wa takardu biyu, ta shiga ta dangwala, ta fito ta haɗa su ta linke wuri ɗaya ta cusa a akwatin da ya fi kusa da ita. Ba laifinta ba ne, ba wanda ya gaya mata. A zaɓen tarayya na 2023 an bambanta murafun akwatuna da launi, ja na shugaban ƙasa, baƙi na sanata, kore na ɗan majalisar wakilai, kuma dabara ce mai kyau. Amma launi ba ya magana. Sai an samu malami tsaye kusa da akwatunan yana nuna wa mutane da baki, cikin harshen da suke ji, Hausa ce ko Gbagyi ko Fillanci, ba tare da ya leƙa abin da suka dangwala ba. Sannan ƙa'idar da hukuma ta tsayar game da ƙuri'ar da ta faɗa akwatin da ba nata ba, a karanta ta da safe a gaban wakilan jam'iyyu kafin a jefa ko ɗaya. Idan aka bari sai an zazzage akwati, kowane wakili ya riga ya ga inda ribarsa take, kuma daga nan ba sauran mai sauraren ƙa'ida.

Inda na fi so a tsaya a duba shi ne ƙirga. Sau ɗaya ake tantance mai zaɓe, saboda haka adadin waɗanda aka tantance lamba ɗaya ce, kuma sakamakon biyu duk da ita za a auna su. Sashe na 51 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce idan ƙuri'un da aka kaɗa suka haura adadin waɗanda aka tantance, shugaban rumfa ya soke sakamakon rumfar. To aringizo yana iya faruwa a akwatin kansila alhali na ciyaman yana lafiya, ko akasin haka. Dole a yi lissafin kowanne daban: nawa aka karɓo, nawa aka bayar, nawa suka lalace, nawa suka rage. Abin da ake gani shi ne a fara da na ciyaman, kowa ya zuba ido, ana ɗaga ƙuri'a ɗai-ɗai jama'a na amsawa da ƙarfi. Da an gama, wakilai sun karɓi kwafinsu sun koma gefe suna buga wa iyayen gidansu waya, taro ya watse. Ƙuri'ar kansila sai a ƙirga ta da magariba, da fitilar waya, mutum huɗu ko biyar a tsugune, direban motar da za ta kwashi kaya yana ta danna hon. A wannan gaggawar ake barin gurbi ba a cike ba a takardar sakamako, ko a manta da liƙa kwafinta a bango. Wanda ke da niyyar maguɗi ba ya buƙatar fiye da wannan gurbin.

Daga rumfa sai cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, kuma a nan hanyoyin biyu ke rabuwa. Sakamakon ciyaman zai wuce gaba zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma. Na kansila a nan ya ƙare, a nan ya kamata baturen zaɓen mazaɓa ya miƙe ya karanta ƙuri'un kowace jam'iyya ya faɗi wanda ya ci, a gaban mutanen da suka zaɓe shi. Amma abin da ke isowa kunnen talaka ta rediyo jimla ce daga babban birnin jiha. A watan Oktoban 2024 mun ji APC ta lashe shugabanni 23 da kansiloli 255 a Kaduna, bayan mako guda muka ji NNPP ta lashe 44 da 484 a Kano. Ban zo yin shari'ar waɗannan zaɓuɓɓuka ba, kuma ba wata jam'iyya nake nufi ba, tunda kusan duk mai mulkin jiha haka sakamakonsa ke fitowa. Cewa nake jimla ba sakamako ba ce. Ɗan takarar kansila da ya sayar da ɗan filinsa ya buga fasta yana da haƙƙin sanin ƙuri'a nawa ya samu a kowace rumfa ta mazaɓarsa. A zaɓen Abuja na 12 ga Fabrairun 2022, duk da ƙorafin da aka yi kan na'urar BVAS, APC ta ci kujerun ciyaman uku PDP ta ci uku, kowanne an bayyana shi da alƙalumansa.

Sanin iyakar aiki ma wani abu ne. Ba mu manta da abin da ya faru a Adamawa a Afrilun 2023 ba, da kwamishinan zaɓe na jihar, Hudu Yunusa Ari, ya sanar da wadda ya ce ta ci kujerar gwamna ana tsakiyar tattara sakamako, alhali wannan aikin baturen zaɓe ne, har INEC ta soke sanarwar. Idan hakan ta faru a kujerar gwamna gaban kyamarori, ina ga kujerar kansila a ƙauyen da ko sabis babu?

Wani zai ce kansila guda nawa yake. Kansiloli su ne majalisar da ke amincewa da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, a kuma daina kantomomi, wanda zai sa wa ciyaman ido ya ƙara muhimmanci. Sashe na 150 na dokar 2022 ma ya ɗora wa hukumomin zaɓe na jihohi bin tsarin da INEC ke bi a zaɓen Abuja, don haka ba su da uzurin cewa nasu daban ne.

Roƙona ga hukumomin nan shi ne su koya wa malaman wucin gadi cike takardun zaɓen biyu da hannunsu kafin ranar, ba lacca kawai ba, su kai fitila kowace rumfa, su biya su alawus ɗinsu a kan kari, domin malamin da ke jin yunwa kowa na iya saye masa abinci. Ku kuma 'yan jarida, maimakon ku taru duka a hedikwatar hukuma kuna jiran jawabin shugabanta, ku tura wakilanku cibiyoyin mazaɓu ko da kaɗan ne, su ɗauko mana hoton takardar sakamakon kansila ku buga. Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum