Edita, wannan ba bushiya ba ce

Assalamu alaikum, Edita. Da fatan kana lafiya.

A shafinku na ilimi na makon jiya na ga hoton wata 'yar dabba mai ƙaya, an rubuta a ƙasansa wai bushiyar Madagaska ce, kuma a kurmin tsibirin take zaune. Ni tsohon malamin kimiyyar halittu ne, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Ban ga laifin wanda ya rubuta ba, don kama kam akwai ta: ƙaya a gadon baya, tsinin baki, in ta ji motsi ta dunƙule. Amma kama da wane ba ta wane. Sunanta tenrek, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna ta fi kusanci da giwa da dabgi da ayu a kan bushiya. Duk ranar da na faɗi haka a aji sai ɗalibai su kwashe da dariya.

Batun mazaunin ne ma ya fi damuna. Tenrek iri-iri ce: wadda ke hotonku ita ce ƙaramar mai kama da bushiya, kuma ba ruwanta da kurmi. Gidanta kudu da kudu maso yammacin tsibirin, wajejen garin Toliyara, busasshen dajin da itatuwansa ma ƙaya gare su. Da dare take hawa bishiya neman ƙwari. In rani ya shigo, wanda a can yakan kama daga Mayu zuwa Oktoba, sai ta shige kogon itace ta kwanta watanni, jikinta ya yi sanyi kamar ba rai. Irin waɗannan itatuwa ne masu gawayi ke sarewa.

Ta kurmin daban take, tana gabas inda ruwa ke zuba: baƙa mai ratsin rawaya, mai tonon tana da baki. Tana da wasu ƙayoyi a baya da take gogawa da juna su ba da sauti, da shi uwa da 'ya'ya ke gane inda kowa yake.

Irinsu ya kai kusan 30, duk 'yan asalin Madagaska. Babbar, marar wutsiya, ita ce ta ƙetare teku zuwa tsibiran Komoros da Morishos da Sishel, ita ma mutane ne suka kai ta.

Ina roƙo a gyara rubutun nan, don malamai na yanke shafin su kai aji.

Naku,
Tsohon malamin makaranta