Takardar Koke ga Mai Girma Hakimi Kan Gandun Daji da Kututturan Gonaki

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun dagatai da masu unguwanni.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma.

Mu ne manoma, makiyaya, masu sana'ar itace, maƙera da tsofaffin malaman daji na ƙauyukan da ke kewaye da gandun dajin wannan gunduma, nan kusa da iyakar Maraɗi. Kukanmu shi ne ana sarar dajin nan alhali babu wanda ya san iya abin da yake mayarwa a shekara, kuma maganin da ake kawowa kullum, wato dashe, bai kai girman ciwon ba.

Duk damina akan yi bikin dashe, a ƙirga abin da aka binne. Babu mai dawowa cikin bazara ya ƙirga wanda ya rayu. Dashen leda saiwarsa ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, in ya daɗe a ledar ma sai ta nannaɗe ta kasa nutsawa. Gabansa akwai wata bakwai ko takwas babu ruwa, ga gara, ga awaki. Shi kuwa kututturen sabara, kalgo, geza ko gawo, saiwarsa ta shekara da shekaru a ƙasa, ta riga ta isa danshi, da abincinta a ajiye. Tohonsa yakan yi a damina ɗaya abin da dashe ke shekaru bai yi ba. Amma shi ne muke sassabewa, mu tara masa kara mu cinna wuta lokacin sharar gona, idanun tohon da ke gindinsa su ƙone.

Maƙwabtanmu sun gane wannan tuntuni. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aikin rainon toho da manoman Maraɗi, abin da suke kira sassabin zamani. Da masu bincike suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, akasarinsu ba dasa su aka yi ba.

Aikin ba ya cin kuɗi, sai dai yana son hannu mai kula. A kowane kututture a zaɓi toho biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a cire sauran. A rage rassan ƙasa har rabin tsawon sandar, a bar na sama. Wanda ya aske ta tas ya bar tukku kawai, iska za ta karya masa ita ko akuya ta tanƙwaro ta. Lauje ko adda ta zama mai kaifi, saran kuma daga ƙasa zuwa sama, don in aka saro daga sama reshen yakan yage ɓawo ya buɗe wa gara da ruɓa ƙofa. A ɗaura tsumma don a san mai shi na sane, a riƙa komawa bayan 'yan watanni. Ana iya farawa da kututture 40 a hekta.

Masu tsoron inuwa su dubi gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya fitar da rani. Tun shekarun 1960 binciken Bambey a Senegal ya nuna gero ya fi yi a ƙarƙashinsa. A can Senegal ɗin kuma aka shayar da saiwar sabara ruwa mai alama, daga baya aka sami alamar a jikin geron da ke gefenta: da dare sabara na ɗago danshi daga ƙasa can, gero ya samu.

Abin da ke kashe wannan aiki ba fari ba ne, rashin tabbas ne. Ba wanda zai yi rainon itace shekara huɗu in ya san wani zai sare shi da dare, ko shi kansa a ci shi tara ranar da ya rage reshe. Nijar ta fitar da doka a 2020 wadda ta amince wa manomi amfanin itacen da ya raina. Muna roƙon Mai Girma ya sa a yi shela a kasuwa da masallatan Juma'a cewa itacen da mutum ya raina a gonarsa nasa ne, ya nema mana yardar ƙaramar hukuma a rubuce, kowane dagaci kuma ya naɗa kwamitin tsaro wanda akwai mata da Fulani a ciki.

Sai gandun kansa. Maganar wuta an daɗe da gwada ta. An kafa filayen gwaji a Olokemeji da ke kudu maso yammacin Najeriya a 1929, da Kokondekro ta Kodebuwa a 1936: wani fili a hana shi wuta, wani a ƙona shi da farkon rani, wani a ƙarshen rani. Wanda ake ƙonawa a makare shi ya fi rasa itatuwa. Dalilin a fili yake. A Fabrairu da Maris ciyawa ta bushe ƙayau, wutar na da zafi da tsawo, itatuwa kuma na shirin sabon toho. Ita ce wutar 'yan farauta da masu ɗiban zuma, ita muke roƙon a hana. A share layin tare wuta mai faɗin mita 10 kafin ƙarshen kaka. Inda ciyawa ta yi kauri har ƙuna ta zama dole, a yi ta da sauran ɗanyenta, da yamma in iska ta kwanta; inda ba ta da yawa, gara a bar wa dabbobi.

Sara kuma a yi masa ƙa'ida. A raba gandun kashi 15, kamar yadda ake yi a wasu dazuzzukan Burkina Faso, a shiga kashi ɗaya a shekara, kada a ɗebi fiye da rabin abin da ya isa sara. Saran ya zama ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya, a karkace don kada ruwa ya kwanta. Kashin da aka sara a huta masa da kiwo damina biyu, amma a bar burtali a buɗe, a kuma yarda makiyaya su yanki ciyawa. Kirya da marke, da masu gawayi ke bi har saiwa, jinkirin girma gare su. A keɓe wa maƙera busassu, a hana tonon kututture. Masu sassaƙe su ɗebi ɓawo a gefe ɗaya, domin wanda aka zagaye ya mutu ko da yana tsaye.

Ranka ya daɗe, ko wannan 15 ɗin aro ne. Sai an auna za a san ko ta dace da namu dajin. A kafa filayen awo goma, kowanne mita 50 tsawo da faɗi, da turakun ƙarfe a kusurwa. Kada a jera su bakin hanya don sauƙi; a warwatsa su tudu, fadama da fako. Kowane itace a ba shi lamba, a shafa fenti a tsayin mita 1.3, a auna kewayensa daidai kan fentin, a wata guda kowace shekara, a ce Disamba. In ya rabu biyu ƙasa da fentin, itace biyu ne. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai awon bana ya ɗora tef sama ko ƙasa da na bara. Kaurin shekara ɗan kaɗan ne, kuskuren sai ya haɗiye shi. A tsakiyar kowane fili a ware mita biyar-biyar a ƙirga ƙananan tsiro, domin ɗorawa da tsamiyar da muke gani duk tsofaffi ne, ba mu ganin 'ya'yansu. Masu sara kuma a gaya musu kada su tsallake filayen saboda fenti, in ba haka ba littafin awon zai nuna dajin da babu shi. Kafin shekara biyar kada a yanke hukunci da alƙaluman.

Muna roƙon Mai Girma ya rubuta wa tashar binciken dazuzzukan savana da ke Samaru, Zariya, da sashen gandun daji na jiha, su turo wanda zai kafa filayen ya koya wa matasa biyu daga kowane ƙauye awo. Littafin awon ya zauna a fada, kwafi ɗaya wurin kwamiti. Fenti, turaku da aikin share layin wuta mun ɗauka. Muna fatan a kira zama kafin a gama girbi, tun ciyawa ba ta bushe ba.

Allah ya ja zamanin Mai Girma Hakimi.

Wakilan manoma, makiyaya, masu itace, maƙera da tsofaffin malaman daji. Sa hannu da dangwale na haɗe da wannan takarda.